Rasuwar Mamgu, Tukunyar Ɗumama Majami'armu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da sanyi ya ƙandarar, ni Idwal Prosser, dattijon majami'armu da ke kan tudu a Abertawe, nake sanar da rasuwar tukunyar ɗumama majami'a, wadda muke kira Mamgu, wato Kaka. Ta cika da safiyar Lahadi a ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa, tana da shekara ɗari da 'yan kai.

Marigayiya ba ta san lalaci ba, ba kamar 'yan yanzu ba. Kwal kawai take ci, ba ta taɓa neman ƙari ba. Ta busar da jiƙaƙƙun rigunan kakanninmu, ta ɗumama ƙafafun masu zunubi da na salihai ba tare da ta tambayi wa ye wa ba. Tana da gaskiya kuma. Duk ranar da fasto ya ja wa'azi, sai a ji ta cikin bututu, ƙwas, ƙwas, gurrr, har sai ya ce amin. Ni ban taɓa jin ta katse wa'azi mai kyau ba.

Ajalinta rowa ce, in faɗa muku ƙarara. Dilwyn, mai kula da ginin, ya bi al'adarmu ta kunna wuta ran Asabar kaɗai, alhali makon nan ko tekun ma sai da ya yi rawar ɗari. Ruwa ya daskare a cikinta, cikin ya tsage. Dilwyn ya ce, “Haba Idwal, haka babana yake yi!” Na ce masa babansa ma za a tambaye shi.

Ta bar bututai masu yawa, da molon majami'a wanda mura ta riga ta kama, da wata kyanwa da ta rasa wurin kwana. Ta bar tsofaffi da ba su cika benci uku ba.

Game da gawa, akwai magana. Ashe sai da aka girke Mamgu kafin a gina bango a kanta, ƙofar ba ta isa ta fita ba. Ginin namu kuwa doka ta sa shi a sahun farko na gine-ginen tarihi, ko ƙusa ba a cirewa sai da izini. Jami'ar da ta zo dubawa ta shafa ƙarfen ta ce, “Kai, wannan ai ba a taɓa ta. Ita ma tarihi ce.” Wato doka ta hana mu rushe bango, ba ta hana sanyi shiga ba.

Nesta Beynon, shugabar mawaƙanmu, ta tare ni a bakin ƙofa. “Kai Idwal, tarihi zan lulluɓa da shi? Sabuwar majami'ar can ta gindin tudu har kujerunta ɗumi gare su. Na tafi, kuma 'yan bencina na biye da ni.” Idan suka tafi, za a rufe mu, a sayar wa masu gidan giya da ginin. Su doka za ta ba su izini, ku zuba ido.

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe goma, a inda marigayiya take kwance, domin nan ne kabarinta. Kowa ya zo da riga biyu, da bargo, da gorar ruwan zafi. Akwai shayi. Fasto ya yi alkawarin taƙaitawa, tunda babu mai ƙwanƙwasa masa. Nesta, an ajiye miki kujera kusa da butar shayi. In ba ki zo ba, sanarwar rasuwa ta gaba ta majami'ar ce, kuma sunanki zan fara sawa cikin masu laifi.