Yadda Ake Kama Kifin Bas a Gaban Suruka

Ɗan'uwa, bi matakan nan sau da ƙafa, na rantse maka sai kifin bas ya shigo hannunka, ko da kuwa ba ka taɓa kama ko ɗan tsako ba. An gwada su a kan maƙwabcina Tavonga, wanda matarsa Ruvimbo ta tafi gidansu haihuwar fari, uwarta kuma ta kafe cewa ba inda 'yarta za ta koma sai ta ga mijin na iya ciyar da gida.

1. Shiga ƙungiya. Nemi masu kama kifin bas, 'yan hula da baƙin tabarau. Su za su koya maka cewa bas abokin wasa ne, ba a cin sa: a kama, a yi hoto, a sumbata, a mayar ruwa. Tavonga ya yi ta yi duk Asabar, har hannunsa ya daina neman izininsa.

2. Gayyaci suruka. Bajintar da ba a gani ba ɓarnar lokaci ce. Tavonga ya durƙusa, ya tafa hannu cikin ladabi, ya ce, "Mama, gobe kada a yi miya. Ku dai zo bakin dam da garin sadza."

"To, ɗana," in ji ta, "Allah ya kai mu." Ta zo har da kasko da mai, ga Ruvimbo goye da jariri.

3. Yaudari kifin. Maƙala tsutsar roba a fatsa, ka jefa gindin matattun itatuwan nan na cikin ruwa, nan gogan yake laɓe. Ja a hankali, kana ɗan kaɗa sandar. In suruka ta tambaya ko kifin garin nan roba yake ci, yi murmushin masana.

4. Fizga! In zare ya ɗame, dakata ya haɗiye, sannan ka fizga. Na Tavonga ya yi tsalle sama, ƙato, baki kamar tukunya. Tsohuwa ta miƙe ta rangaɗa guɗa, ta tuƙa sadza, wato tuwon masararsu, da sauri, ta ɗora mai. "Ruvimbo, in mun koma ki haɗa kayanki, yau za ki gida! Ashe namiji na ba wa 'yata!"

Tavonga ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun ranar aure. Kansa ya yi ta juyi.

5. Riƙe shi ta leɓen ƙasa. Ɗaga sama kowa ya gani. Yi hoto. Daga nan bar wa hannunka sauran, ya san aikinsa. Na Tavonga ya kai kifin baki, ya manna masa sumba, ya sunkuya, ya ajiye shi cikin ruwa a hankali, har da ɗaga masa hannu.

Sai da ya juyo ya ji man yana soyuwa a kasko, shi kaɗai.

"Baban jariri," in ji Ruvimbo, "ina kifin?"

"Ai... ya koma ya ƙara girma."

Tsohuwa ta sauke kasko, ta kashe wuta. "Madalla. Mu ma mun koma. In ya girma, ka aiko mana."

Sanarwa: Bas na yi maka alkawari, kuma ka kama. Abin da ya biyo baya tsakaninka da hannunka ne, babu ruwana. Kada ka buga min ƙofa neman tuwo, don Tavonga ya riga ka, kuma ga alama zai daɗe.