Nagoggo Ta Ƙwace Hannun Inji

An kawo injin niƙa Dakoro, gidajen attajirai suka daina kiran mata masu dakau, ko sallama babu. Mutum guda injin ke buƙata, shi ma namiji aka ɗauka: Almu, wanda a da jakai yake kora. Taubashiyarsa Nagoggo, da ke ciyar da marayunta da taɓarya, ta same shi ranar kasuwa, ga mata jere da ƙwarya.

Almu ya ce, "Lafiya lau, baiwata. Ina gajiya?"

"Ina na ga aikin da zan gaji, ubangidan banza?"

"Ki zo ki yi mini fifita. Mu ma'aikata zufa muke."

"Ma'aikaci. Bara jaki ya kada kai gaban kumandan mai mulkin gari."

"Hassada ce, ya ji za a ƙara mini girma."

"Garin da kuke niƙawa warin gazuwal, man injinku, yake."

"Naki na hammata yake, muka ci shekara da shekaru ba mu kai ƙara ba. Ke ba ki da labari. Mushen lakwal, malamin makaranta, ya ji a rediyo, can ƙasar Turawa akwai hannun ƙarfe mai aiki shi kaɗai. Ba ya gulma, ba ya zuwa biki."

"To ƙanen injinka ne, shi zai kore ka. Ina za ka koma? Jakan ma sun yi sabon ubangida. Wane wata muke ciki?"

"Cika-ciki."

"Ina sharata ta taubashi?"

Kafin ya amsa ta wafce ƙarfen da ake murzawa a tada injin, ta soke a ƙugu. Kowa ya san a wannan wata abin da taubashi ya kama ba mai ƙwacewa, sai an fansa.

"Ga goro," in ji Almu.

"Marayu ba su cin goro."

"Alhaji mai injin zai kore ni."

"Sai in ara maka taɓarya."

Matan suka fashe da dariya, shi ma ya bi su.

"Ba ni, mayya. Gobe ki zo da rariyarki, tankaɗe naki ne. Ni zan shawo kan Alhaji."

Nagoggo ta samu aiki. Sauran masu dakau fa, da ba su da taubashi a rumfar inji? Alhajin da ya kawo shi, da hukumar da ta ba shi izini, ku fito ku faɗa musu aikin da za su koma.