Ranar Da Gawata Ta Yi Susa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa ba da ranar da mutanen Potiskum suka taru a zaure ɗaya suka kalle ni a mace, kuma ko mutuwar ma na kasa yin ta yadda ya kamata.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a cikin gari. Kafin al'amura su dagule mana, wani tsohon darakta ya zo daga Kano da motoci da kyamarori, ya yada zango a bayan garin Gadaka. Tun muna yara muke kallon finafinansa a kaset, kowa Baba Darakta yake ce masa. Ya ce wannan ne aikinsa na ƙarshe, kuma mafi girma: labarin wani gari mai ganuwa na zamanin da, wanda mahara suka yi wa ƙawanya, ba shiga ba fita, daga ƙarshe suka cinna masa wuta. (Ba zan faɗi sunan fim ɗin ba. Na san halinku, nemo shi za ku je yi.)

Da aka yi shelar ana neman mutanen da za su cika fili, na tafi da tabbacin cewa suna jin ni malamin tarihi ne za su naɗa mini rawani su miƙo mini takobi. Mai rabon aiki ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai dogo, ka iya kwanciya?"

Na ce na iya.

"To, gawa ce kai."

Aka tuɓe mini riga, aka ɗaura mini walki, aka kwarara mini jini a ƙirji da wuya. Jinin nan ba komai ba ne illa zoɓo da aka dafa da sukari har ya yi kauri. Baba Darakta ya ɗauki lasifika ya ce wutar nan sau ɗaya za a kunna ta, bukkokin da suka ƙone ba za su dawo ba, don haka babu maimaici. Wata dattijuwar jaruma za ta ratsa cikin gawarwaki tana neman ɗanta. "Duk wanda ya mutu, ya mutu," in ji shi. "Kada in ga ko yatsa ya motsa."

Na zaɓi inuwa mai kyau na kwanta. Ashe a bakin ramin cinnaku na kwanta, jikina sharkaf da sukari. Wallahi na yi haƙuri. Na karanta duk addu'ar da na iya. Amma da wani ya bi ta ƙarƙashin walkin ya gantsara mini cizo a inda ba a faɗa, sai na saurari kukan dattijuwar, na ji kamar ta yi nisa. Na ɗaga hannu a hankali na sosa, na mayar da shi, na ci gaba da mutuwa. Aka gama ɗauka, ba wanda ya ce mini komai. Na koma gida da raina fes.

Fim ya ƙi fitowa. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, shiru. Shi kuwa matsayina a cikinsa sai ƙaruwa yake yi a bakina. Da farko cewa nake na fito a fim. Daga baya na zama ɗaya daga cikin mayaƙa. Kafin a jima na zama na hannun daman Sarkin Yaƙi.

Ana haka garinmu ya shiga halin hare-haren nan da kowa ya sani. Aka sa dokar hana fita, aka hana hawa babur, gidajen kallo suka rufe, har aka kai lokacin da wayoyinmu suka zama fitilu kawai saboda an katse layi. Wa yake ta fim? A zuciyata na ce shi ke nan, ba zai taɓa fitowa ba.

A wannan lokacin nake neman auren Adama, 'yar gidan Baba Maina na unguwar Dogo Tebo, dattijo mai fataucin shanu wanda ba ya son wasa. Abu ɗaya ne yake sa shi sakin fuska, labarin yaƙe-yaƙen da. Ta nan na shiga zuciyarsa. Ranar da na ba shi labarin fim ɗin, har tashi na yi tsaye a zaurensa ina gwada yadda na riƙe takobi. Ya gyaɗa kai ya ce, "Malam, ashe kai ma namiji ne." (Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba, kuma ba a taɓa samun maganar da ta jawo mini wahala kamarta ba.)

Kwatsam sai fim ya fito.

A rediyo na fara jin labarinsa. Masu sharhi na Kano da Kaduna suka yi masa kaca-kaca. Wani ya ce ya yi tsawo, mutanen garin sun fi awa suna zaune a ɗaka suna jira, ba abin da yake faruwa. Wani ya ce salon tsoho ne, zamani ya wuce Baba, ya kamata ya koma gida ya huta. Sai na uku ya yi dariya ya ce, "Ni abin da ya fi burge ni, a daidai wurin da ake so mu yi kuka, akwai wata gawa da ta tashi tana susa."

Shayi nake sha, sai da ya biyo ta hancina. Na shiga lallashin kaina. Gawarwaki fa suna da yawa a filin nan, kuma cinnakun Gadaka ba ni kaɗai suka sani ba.

Ban gama wannan addu'a ba aka ce Baba Darakta zai kawo fim ɗin Potiskum da kansa, don mutanen da aka yi aikin a ƙasarsu su gani. Mutane da yawa sun hana shi zuwa, ya ce sai ya zo. Za a nuna da hantsi a zauren taro na wata makaranta, don kowa ya koma gida da wuri. Na yi niyyar kwantawa ciwon ƙarya, sai ga keke napep a ƙofar gidanmu a unguwar Hausari. Baba Maina ne a ciki, ya sha babbar riga, Adama na gefensa.

"Shigo, Malam. Yau zan ga surukina a fagen fama."

Aka caje mu a ƙofa ɗaya bayan ɗaya, muka shiga. Zaure ya cika maƙil, an toshe tagogi da barguna, janareta na ta ruri a waje. Rabon da in ga jama'a haka a wuri ɗaya har na manta. A gabanmu Maman Chidi ce zaune, wata 'yar kasuwa da ta shekara da shekaru a garin. Shagonta ya ƙone a ɗaya daga cikin hare-haren, kuma tun daga lokacin ba ta cika magana ba.

Aka fara. Wurin nan da masu sharhi suka ce ya yi tsawo, inda mutanen gari suke zaune a ɗaka suna sauraron ƙarar mahara a bayan ganuwa, uwa tana toshe bakin jaririnta, miji yana leƙe ta kafar ƙofa, a nan zauren ya yi tsit. Ba tari, ba motsi. Na ji wata mata a baya tana shessheƙa. Mu ba tarihi muke kallo ba, makon jiya muke kallo.

Baba Maina ya sunkuyo ya raɗa mini, "Ga Sarkin Yaƙi can. Kai kana ina?"

"Ina tafe, Baba."

Na kuwa taho. Wuta ta ci gari, dattijuwa ta shigo tana jujjuya gawarwaki tana kiran sunan ɗanta. Rabin zauren kuka yake. Kyamara ta biyo ta, ta tsaya. A bayanta, dab da kafaɗarta, ga wata doguwar gawa a inuwa. Gawar ta ɗaga hannu. Ta kai shi ƙarƙashin walki. Ta sosa, ta sake sosawa da ƙwazo. Sannan (wannan ni kaina ban san na yi ba) ta buɗe ido ɗaya, ta kalli kyamara ido cikin ido, ta yi sauri ta rufe.

Adama ce ta fara magana. Ba da ƙarfi ta yi ba, amma shirun ya yi yawa.

"Laa, Malam ne!"

Maman Chidi ta waiwayo ta kalle ni, ta kalli bangon da ake haska fim ɗin, ta sake kallona. Sai wata dariya ta ƙwace mata, irin wadda take fitowa daga ciki, hawayen kukan da take yi bai ma bushe ba. Zaure ya ɗauka. Manyan mutane suna riƙe ciki, ɗalibaina suna dukan benci. Wani ya yi ihu, "A maimaita!" Mai injin haska fim ɗin kuwa, Allah ya saka mini, ya maimaita. Na dubi ƙasa ina neman rami ko na cinnaku ne in shige. Baba Maina bai yi dariya ba. Kafaɗunsa dai suna ta rawa, ya rufe baki da hannun riga.

Da aka tashi na nufi ƙofa da sauri, sai na ji an riƙe mini hannu. Baba Darakta ne, ya tsufa fiye da yadda na san shi, yana dogara sanda. Na durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Ni na jawo maka zagi a rediyo."

"Tashi, ɗana. Masu zagi da ma za su samu abin zagi. Ka zaci ban gan ka ba? Yaran da suke tace hoton sun ce in yanke wurin. In na yanke ka, na yanke kukan baiwar Allah nan, ita kuwa ba za ta sake yin irinsa ba. Na zauna ina kallonka, na ce to, a bar shi. Gari guda an ƙone shi, ai gara a ce mutum ɗaya ya tsira."

Maman Chidi ta zo wucewa tana goge ido da bakin zane. Ta ce, "Malam, Allah ya yi maka albarka. Tun da shagona ya tafi, yau ne na yi dariya."

Muka hau keke napep, muka yi ta tafiya har muka kusa Dogo Tebo. Sannan Baba Maina ya yi gyaran murya ya ce masu cewa fim ɗin ya yi tsawo ba su taɓa zama a ɗaka suna jiran harbi ya tsaya ba. Ya juyo gare ni.

"Na hannun daman Sarkin Yaƙi, ko?"

"Baba, ai bayan an kashe ni ne aka ɗauka."

A nan dariyar da yake ta dannewa ta ci ƙarfinsa, har mai keken ya taka birki ya waiwayo.

Ya ba ni Adama, amma bai ba ni ita kyauta ba. A wurin ɗaurin aure, da liman ya tambayi sunan ango, dattijon nan ya ce a gaban jama'a, "Marigayi." Sunan ya bi ni har yau. A makaranta, a masallaci, a kasuwa, "Marigayi, ina kwana?" Ni kuma in amsa lafiya lau, don ba ni da bakin musu. Fim ɗin ya zagaye garin a wayoyi, mutanenmu suka riƙe shi hannu biyu, duk abin da masu sharhi suka ce.

Abin da na koya kaɗan ne, amma na riƙe shi da kyau. In mutum zai ƙara wa kansa girma a labari, ya fara tabbatarwa ranar da abin ya faru babu kyamara a wurin.