Burodin Minti Bakwai

"Lafiya lau, Kaka. Ya ƙafa?"

"Ƙafa tana inda ka bar ta jiya. Kai kuma wa ya koro ka daga shago, ka zo ka tsare min ƙofa da sassafe?"

Jikan nata mai gyaran agogo ne, kuma sana'ar ta shiga jininsa, har shayi da minti yake dafa shi. Ya auna da ƙafarsa, daga ƙofar gida zuwa shagon burodi minti bakwai ne cif. Amma Kaka, wadda ta dawo gidansa da zama bara, takan riƙe hannun 'yarsa Mitsi mai shekara biyu su fita sayen burodi ƙarfe takwas, ba a ƙara ganin ƙeyarsu sai goma ta gota. Jiya maman Mitsi ta dawo daga aikin dare ta tarar da gida wayam, hankalinta ya tashi har da hawaye. Suka yanke shawara: ko a sa yarinya a keken turawa a je a dawo da wuri, ko a daina fitar ɗungurungum. Shi ya sa yau ya bar shago a kulle, ga sabon keke a gabansa. Sai dai abin da ya fi cin ransa shi ne ya san inda awa biyun nan suke shiga.

Kaka ta kewaya keken tana taɓe baki.

"To madalla. Shekara talatin ina zaman aure da kai, sai yau ka tuna ka sayo min mota."

"Ke? Ai tayoyin sai su kai ni ƙara. Na Mitsi ne."

"Yarinya da ƙafafunta sababbi fil? Kai da ka yi shekara uku kana jan gindi ma ba a saya maka ba."

"Ina wata goma na fara tafiya, Inna ta gaya min."

"Uwarka rufa maka asiri ta yi. Ni na goya ka, har yau bayana bai yafe maka ba."

Ya ɗaga Mitsi zai zaunar da ita, ta sandare kamar katako, ta buɗe baki da ihun da ya ta da karen maƙwabta. Da ya sauke ta, sai ta cire takalminta ɗaya ta ajiye a kujerar keken, ta kama yatsan Kaka. Haka aka fita, tsohuwa da yarinya a gaba, mai agogo a baya yana tura takalmi.

Ba su yi taku ashirin ba Mitsi ta tsuguna a gindin katanga. Tururuwa ce ta yi layi tana jan mataccen ƙwaro. Kaka ta jingina da katangar.

"Minti huɗu," in ji shi, yana duba hannu.

"Bar ta ta ga masu aikin gaske. Waɗannan ba sa rufe shago don bin matansu a baya."

"Kullum sai an tsaya musu?"

"Ba ka gaida maƙwabtanka, kai?"

A kan kwana akwai famfo mai ɗiga. Mitsi ta tara yatsa, duk ɗigon da ya sauka sai ta ƙyalƙyale da dariya ta waiwayo ta ga ko an gani. Kaka ta zauna a dakalin wurin. Gaba kaɗan kuma, tela yana hango su ya fito da benci ba tare da kowa ya roƙa ba, Mitsi ta tsaya tana kallon ƙafarsa a kan keken ɗinki, kanta na bin ta sama da ƙasa.

"Minti arba'in da ɗaya, Kaka. Ko kunkuru da ya sayo ya dawo."

"Sai ka auri kunkurun. Ni na gaji da miji mai ƙirga min numfashi."

"Wa zai karɓe ki in na sake ki? Haƙori huɗu ya rage miki."

"Huɗun nan sun ci abin da talatin ɗinka ba su taɓa gani ba."

Daga wurin tela sai wata doguwar katangar makaranta, babu shago, babu inuwa, babu ko akuya. Ya ce a ransa, nan dai ba abin kallo, za a yi sauri. Suna tsakiyar katangar ya ji numfashin Kaka ya canza, yana fita da ƙyar, ga ƙafarta ta hagu tana jan ƙasa. Mitsi ce ta ɗaga kai ta dube ta, ta ja gefen zanenta zuwa wani bulo da aka yar, ta bubbuga shi da tafin hannu.

"Kaka, jauna."

Kaka ta zauna. Ita kuma Mitsi ta tsuguna a gefe, ta ƙura wa ƙasa ido. Son sani ya sa shi ma ya tsuguna ya leƙa. Ba tururuwa, ba dutse, ba komai, ƙasa ce kawai. Yarinyar tana satar kallon tsohuwar, tana jira.

Ya tuna sandar da ya sayo wa Kaka wata shida da suka wuce, wadda ta rataye a bayan ƙofa tana kaɗe yanar gizo da ita. Kunya ta kama shi, da tausayi. In aka ɗaure Mitsi a keke, da wane dalili Kaka za ta tsaya ta huta ba tare da ta ce ta gaza ba?

"Kaka, me take kallo a nan?"

"Abin da idon mai agogo ba ya gani." Ta goge goshi da mayafi. Da ta sake magana, muryar ba ta wasa ba ce. "Na ji shawarar da kuka yi jiya. In kuka hana mu fita, ɗakin nan zai cinye ni."

Sai ya kwance agogon ya jefa a aljihu, ya miƙe yana yarfe hannu.

"Wash! Wannan keke ya kashe min kafaɗa. Riƙe min mana, ke da kike cewa kin fi ni ƙarfi."

"Ragon banza. Takalmi ɗaya ya gagare ka?"

Ta tashi ta kama hannun keken da hannu biyu. Ta tura kaɗan, ta tsaya, ta ƙara turawa. Nauyinta ya sauka a kansa, bayanta ya ɗan miƙe, ƙafar hagu ta daina jan ƙasa. Ta harare shi, ya ɗauke kai yana kallon sama.

A shago Mitsi ta karɓi burodin ta rungume, ta kwantar da shi a kujera kusa da takalminta, ta dage sai an ɗaura masa bel kada ya faɗi.

"Zan gaya wa mamanta na binciko," ya ce. "Burodin unguwar nan awa biyu yake ɗauka, ba laifin kowa ba ne. Ke dai ki riƙa fita da waya."

"Motar fa?"

"Ta burodi ce. Ke direba kawai aka ɗauke ki."

Kaka ta tuntsire da dariya har haƙoran huɗu suka bayyana. Ta zura hannu cikin leda ta gutsuro bakin burodin, ta danƙa masa.

"Ungo, maigida, na yarda ka iya zaɓen mota. Amma gobe kar ka biyo mu. Ɓata mana lokaci kake yi."