Karatu Na Ɗaya Sau Huɗu: Koken Mai Shanya Kifi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Majalisa Mai Sa Ido Kan Kamun Kifi, ko wane ne ke kan kujerar a safiyar da takardar nan za ta iso.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga manya, ni ce Mek Jah, mai shanya kifi a ƙauyen Teluk Menanti, wadda kuka gayyata sau uku ta ba da shaida kan dokar hana manyan jiragen kamfani jan taru a bakin gaɓarmu. Kokena kaɗan ne.

Na ɗaya. Zuwana na farko na yi awa tara a mota, na tarar gwamnati ta faɗi tun da hantsi. A na biyu, ina gyara mayafi zan buɗe baki, wakilai bakwai suka miƙe suka koma ɗaya ɓangaren, sabuwar gwamnatin ma ta kife. A na uku majalisar na hutun gaggawa, mai gadi ne ya karɓi busasshen kifin da na kawo muku tsaraba. Mijina Pak Deraman ya ce, "Jah, don Allah zauna a gida, ƙafarki ce ke kayar da su." Da gaske ne, ranka ya daɗe? In haka ne a sanar da ni, ƙasa ta huta.

Na biyu. Bara wakilinmu ya buga tebur, ya jero wa minista tambayoyi goma sha biyu kan jiragen nan, muka tafa masa a gaban talabijin. Bana shi ne minista. Tambayoyin suka iso teburinsa, ya karanta, ya ce wanda ya rubuta su bai san teku ba. Ina za a sake samun mai gaskiya irinsa?

Na uku. An ce dokar ta sha karatu na ɗaya sau huɗu. Ni da na tsaya a aji uku, abin da na karanta sau huɗu na haddace shi. Ita kuwa dokar sauya wa kwamitinku suna, na ji kafin la'asar aka gama ta. Ina taya murna.

Sai dai jiragen ba sa zuwa hutu. Da kwalekwale arba'in ke fita daga ƙauyenmu, yanzu sha ɗaya ne. Ɗana Mat Zin ya sayar da nasa, ya tafi birni aikin gadi. Jiya Pak Deraman ya dawo da abin da bai rufe gindin kwando ba, ya zauna yana ɗinkin koma.

Wa ni in ce ku yi sauri? Roƙona ɗaya ne: ranar da dokar ta fito, a liƙa hoton kifi a shafin farko, don jikokinmu su ga abin da aka kare musu.

Taka mai biyayya, kai a ƙasa, hannu bibbiyu,

Mek Jah binti Awang Kechik
Teluk Menanti