An Yafe Mini Bashin Gida, Haraji Ya Ce Na Ci Riba

Jiya da la'asar ina layin tura kuɗi a unguwar Batha, nan Riyadh, waya ta yi ƙara. Matata ce Safiyatu, daga Kano.

"Baban Sumayya, an kawo takarda. Wai ka ci riba."

"Ni? A ina?"

"A bashin da aka yafe maka."

Bari in koma baya kaɗan, jama'a. Shekara bakwai ke nan ina tuƙa kafilina, wato uban gidan da nake wa aiki a Riyadh, ina biyan banki kuɗin gida mai ɗaki uku da na saya wa iyalina. Bara ciwon baya ya kwantar da ni wata biyar, biya ya tsaya. Aka yi ta zama, daga ƙarshe banki ya karɓi abin da ya samu, ya yafe ragowar miliyan huɗu. Safiyatu har waina ta raba a unguwa.

Ashe ƙanshin wainar ya kai wani ofishi. Ranka ya daɗe Sarkin Lissafi ya zauna cikin sanyin na'ura, ya gano cewa kuɗin da ban biya ba kuɗi ne da na samu, don haka da rabonsa a ciki. Kai, ilimi da daɗi! Miliyan huɗu ta shiga aljihuna, ko nauyinta ban ji ba.

Na kira lambar da ke jikin takardar. Wani Malam Maiwada ya ɗauka.

"Alhaji, abin mai sauƙi ne. In gidan nan ne ainihin mazauninka, ba ka biyan ko kwabo. In na biyu ne, ka biya kafin ƙarshen wata, ko mu garƙame ƙofa."

"Wallahi shi ke nan gare ni."

"To na unguwar Shifa, can Riyadh, fa? Mai bene, da dabino a ƙofa? Ga hoton nan a fayil. Kai ka haɗa shi da takardar neman bashi."

Duk wanda ke nan ya san irin hoton. Ranar Juma'a ka wanke motar kafili, ka sa farar jallabiya, ka jingina da ƙofar gidansa, ka ce wa wani ya ɗauka. Na tura wa gida don su ji daɗi, na ba banki don su ga da mutum suke magana. Mutanen da fayil ke ɓacewa a hannunsu cikin kwana biyu, ga shi sun adana hotona shekara bakwai, ko lanƙwasa bai yi ba. Allah ya ƙara musu himma.

Na koma ɗaki. Mu shida ne a ciki, ni ke gadon sama, Yacouba ɗan Maraɗi ke na ƙasa. Ya saurare ni yana yanka albasa.

"Yalla, aboki, hau gadonka in ɗauke ka hoto, su ga ainihin gidanka a nan. Riƙe iƙama, katin zamanka, a hannu, a ga igiyar shanya."

"Safiyatu ce fa za ta kai ofis. Shekara bakwai tana nuna wa ƙawayenta gidan Shifa."

"To zaɓi. Gidan hoto, ko gidan da 'ya'yanka ke kwana?"

Na hau. Kaina na taɓa rufi, singiletin wani na lilo a kafaɗata. Na tura mata, na kife wayar.

Ba a yi minti biyar ba saƙon murya ya shigo. Dariya take yi har da tari.

"Haba Baban Sumayya! Ai tun shekarar farko na gane. Kullum kana bakin ƙofa kamar mai jiran sallama. Wane mai gida ne ba ya shiga ciki? Ka dai wanke zanen gadon nan."

Yau da safe ta kai. Malam Maiwada ya kalli hoton ya ce Allah sarki, haraji ya faɗi, gida namu ne. Saura hatimi kawai, mai hatimin kuwa ya tafi Umara, karo na uku a bana.

In ya biyo ta Riyadh sayayya, ku ce masa ina Batha. Gadon sama.