Rasuwar Ɗan Anaca, Batirin Fitilun Hoto na Obiagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙauri, Malam Muhyiddeen mai hoto na Obiagu, a birnin Inugu, yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban fitilarsa rasuwar batirinsa na tafi-da-gidanka, wanda aka fi sani da Ɗan Anaca. Ya cika ranar Litinin da hantsi a kan teburin shago, bayan gajeriyar jinya mai dogon bayani. Shekararsa shida yana aiki, kuma har zuwa Juma'ar da ta wuce ko tari bai taɓa yi ba. Ya tafi saura kwana biyar bikin Rahinatu, ƙanwar matar Malam, bikin da aka ɗora wa Malam ɗaukar hotunansa gaba ɗaya.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, baƙin akwati ne mai igiyar ratayawa a kafaɗa, bai fi burodi biyu girma ba, amma a nauyi ya kai jaririn da ya ƙoshi. A kasuwar Anaca aka samo shi, na hannu, daga wani ɗan kasuwa da ya rantse har sau uku cewa Bature ne ya yi amfani da shi, kuma sau biyu kacal. Aikinsa ɗaya ne: ya ciyar da manyan fitilun hoto guda biyu a duk inda babu wuta. Wato kusan ko'ina.

Halinsa kuwa sai wanda ya zauna da shi. Bai taɓa neman fetur ba, bai taɓa tayar wa maƙwabta hankali ba irin na janareto. Idanunsa huɗu ne korra, a jere. In an kunna shi sai ya yi "zuuu" a hankali, in ya shirya ya ce "tit", fitila ta ce "fau", ya sake cewa "tit". Iyakar maganarsa ke nan a duniya. Ya je Fatakwal har unguwar Rumuokoro cikin damina, an rufe shi da buhun leda, ya haska amarya da dangi sau ɗari uku bai nemi caji ba. Masu dako da masu yankan farce da ke zuwa shago ranar Juma'a su ari babbar riga a ɗauke su hoton da za su aika gida, shi ne yake wanke musu fuska da haske har iyayensu a Arewa su ce lallai Kudu ta karɓi yaron nan. Wallahi da yawa a garin nan da hasken Ɗan Anaca suka yi aure.

Ya rasu ya bar fitilu biyu da suka makance tun ranar, da fararen lemomin watsa haske biyu da ke jingine a bango, da kyamara da ta zama marainiya, da wayar caji wadda har yanzu ake soka masa ita tana ƙoƙari. Ya kuma bar Malam Muhyiddeen, wanda tun Litinin bai ci abinci da daɗi ba.

Yanzu sai batun jinya. Mai rashi ba ya zargin kowa, Allah Ya kiyaye. Zai faɗi abin da ya gani ne kawai.

A shekara shida, marigayin bai taɓa kwana a gidan wani ba. Abokan sana'a sun nemi aro an hana su, har wasu suka daina gaisuwa. Sai ranar Juma'a saƙo ya zo daga unguwar Uwani, daga gidan surukin Malam, mahaifin matarsa Haulatu. Kunya ta hana a rubuta sunansa a nan, amma duk wanda ya taɓa sayen buhun albasa a Inugu ya san Baba Alhaji. Saƙon ya ce a kawo "ɗan akwatin wutar nan" na kwana biyu, za a yi cajin waya, an ɗauke musu wuta. To, ina mutum zai ce wa surukinsa a'a? Mutumin da ko haɗa ido ba ka yi da shi, in ka hango shi a hanya ka cire takalmi ka durƙusa? Malam ya goge marigayin da hannun riga, ya sa shi a jakarsa, ya miƙa.

Ranar Lahadi da la'asar Auta mai keke, dattijon da ke yi wa gidan Baba Alhaji jigila, ya dawo da shi. Abu na farko, ba a jakarsa ya dawo ba, a naɗe yake cikin sabon yadi. Na biyu, tare da shi akwai doya shida da zakara. Shekara tara Malam yana auren 'yar gidan nan, ko albasar da ta fara tsiro ba a taɓa aiko masa ba, sai yau zakara? Na uku, kuma wannan ne ya tsinka masa zuciya, marigayin yana ƙamshin turare. An fesa masa har yana naso. Jama'a, wa yake fesa wa batir turare in ba wani wari ake son binnewa ba? Auta ya ajiye kaya, ko zama bai yi ba, ya ja kekensa har yana mantuwa da sallama.

Da aka kunna marigayin, ido ɗaya ne ya buɗe, shi ma ja. Babu "zuuu", babu "tit", sai wani "kirrr" da Malam bai taɓa ji daga bakinsa ba. Cikinsa ya kumbura, gefensa ya yi laushi. Da turaren ya lafa sai ƙaurin roba ya fito fili. Malam ya ɗago ya dubi Haulatu, sai ta riga shi magana: "Ni dai ban ga komai ba." Ai ba a tambaye ta ba tukuna. Tun daga ranar take zuba masa nama biyu a miya, kuma in ya shigo ɗaki sai ta tuna tana da aiki a waje.

Da safiyar Litinin aka garzaya da shi kasuwar Kenyatta wurin Oga Ifeanyi mai gyaran kayan wuta. Ya kwance shi, ya sunsuna, ya cire tabarau ya dubi Malam. "Malam, who use am cook?" Wato wa ya dafa abinci da shi. Ya ce cajin waya ba ya yin wannan ɓarna ko wayoyin unguwa duka aka tara. Sai dai abu mai zafi, ko dutsen guga ko butar lantarki, kuma ba sau ɗaya ba. Aka dawo da shi shago, ya ƙifta jan idon sau biyu, ya rufe.

Mai rashi ba ya zargin kowa. Yana dai tuna cewa Baba Alhaji ya dawo daga Umara da wata ƙatuwar butar lantarki da yake ji da ita, kuma ba ya iya wuni bai sha shayi sau biyar ba, kuma ranar Asabar an yi baƙi daga dangin ango, mutum goma sha huɗu, kowa ya fito yana yabon shayin gidan. A gidan da babu wuta. Wannan duk tunawa ce kawai.

Ranar Talata Malam ya je Uwani godiyar zakara, don haka tarbiyya ta ce. Ya durƙusa a bakin ƙofar falo, kansa a ƙasa, zuciyarsa tana tafasa. Daga ƙarshe ya ce, "Baba, akwatin nan kuwa ya rasu."

Baba Alhaji ya ja carbi, ya ce, "Ayya. Allah Ya mayar da alheri. Kayan Bature ai ba su da tabbas." Sannan ya ƙara da cewa, "In za ka sayi wani, ka nemi babba. Wancan ba shi da ƙarfi. Kuma kada ka manta Asabar, a falon nan za a ɗauki hoton dangi, ka zo da fitilun nan naka."

Ba shi da ƙarfi! A ina aka gwada ƙarfinsa? Malam ya ji maganar har cikin ƙashinsa, ya ji hawaye na neman zubo masa, na takaici tsantsa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To, Baba."

Ga yadda aka tsara jana'iza. Liman ya ce ba a yi wa batir salla, kuma an bi maganarsa. Ana karɓar gaisuwa a shagon Obiagu kullum daga azahar zuwa la'asar. Masu zuwa kada su fesa turare, mai rashi ba ya son jin sa a 'yan kwanakin nan. Ba za a ba da shayi ba.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin hoton dangi. Malam zai ɗauke ta da kansa zuwa Uwani, cikin yadin da aka naɗo ta, ya ajiye ta a kan teburin falo tsakanin amarya da mahaifinta. Zai kafa fitilu biyu, ya buɗe lemomi, ya soka waya a bakin marigayin kamar yadda ya saba, don an ce ya zo da su kuma shi ba ya saɓa wa Baba. Falon Baba Alhaji taga ɗaya gare shi, ita ma labule ya rufe ta. Malam zai ce kowa ya yi murmushi, ya danna.

Duk wanda hoton ya iso hannunsa ya ga haƙora da fararen huluna kawai, kada ya zo shago da ƙorafi. Ya wuce Uwani ya yi ta'aziyya, can ne aka yi wa marigayin ganin ƙarshe da lafiyarsa.